Akwatin Kifin Gimbiya

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yankan gilashi, har mutanen layinsu suka manta da sunansa na yanka, yaro da babba Mai Gilashi suke ce masa. Rabin tagogin unguwar aikin hannunsa ne. Sai dai yau shekara huɗu ke nan da hannun ya fara rawa. Da farko ɗan yatsa ne kawai, daga baya ya zamana in ya ɗauki kofin shayi sai ya zubar da rabi kafin ya kai baki. Likita ya ba ciwon wani dogon suna, ya ce ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Mai Gilashi ya miƙa wa ƙanensa makullin shago, ya dawo gida ya zauna.

Bai daɗe da zama ba matarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Gimbiya yake kiranta tun suna da ƙuruciya, don ko gobara ake yi ba ta ɗaga ƙafa da sauri. Mace ce mai baki, in ta fara ba'a sai an riƙe ciki. Ciwon ya tafi da maganar duka, ya bar mata kalma biyu, "to" da "a'a". Su ɗin ma sukan sauya wuri a bakinta.

Abin da ya rage mata na kallo a duniya shi ne akwatin kifi. Shi ya haɗa mata da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, da ragowar gilashin ƙofar wani kanti. Tsawonsa ya kusa na ƙaramin benci, yana cin ruwa bokiti tara, yana kan teburin ƙarfe daidai saitin gadonta. Kifayen da ke ciki yanzu biyar ne, kuma duk ita ta raɗa musu suna tun tana da baki. Jan nan mai tumbi Attajiri ne. Mai ratsi-ratsi Ɗan Sanda, saboda kullum yana bin wani a baya. Baƙin da ke wuni kwance a ƙasa Kawu, don tunawa da wani kawun mijinta da har ya koma ga Allah ba a taɓa ganinsa da gumi ba. Sai ƙanana biyu masu kama ɗaya, 'Yan Biyu.

Tun da ta kwanta ba ta cin abinci sai tana kallonsu. Sai ya fara barbaɗa musu nasu, su taso suna wawa, sannan ya juyo da cokali.

"Ranki ya daɗe, Attajiri ya ci, talakawa sun ci, saura ke."

Sai ta buɗe baki.

Ranar Litinin da hantsi ya gama goge mata jiki, ya ɗora ta a keken marasa lafiya zai kai ta bakin taga ta sha iska. Yana juya keken hannunsa ya fizga. Ƙarfen da ake ɗora ƙafa ya daki gilashin gaban akwatin, can ƙasa wajen kusurwa. Ƙarar ba ta da yawa, ƙas kawai, kamar an karya tsinke. Amma wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana jin wannan ƙarar ba sai ya duba ba.

Tsagar ta tashi daga kusurwa ta miƙe sama, ta kai taƙi ɗaya da rabi. Ɗigon ruwa ya taru a jikinta, ya gangara, wani ya biyo bayansa.

"A'a," in ji Gimbiya. "A'a. A'a."

"Kwantar da hankalinki. Gidan mai gilashi kike."

Ya mayar da ita gado, ya jawo babban bahon wanki, ya zura tiyo ya zuƙa har ruwa ya shiga masa baki. Kamun kifin ne ya cinye masa rana. Duk sanda ya tare ɗaya da 'yar ragar kamu, sai hannun ya karkaɗa, kifin ya sulale. Ɗaya daga cikin 'Yan Biyu a ƙasa ya faɗi, sai da ya rarrafa ƙarƙashin tebur ya ɗauko shi, ya ga sashen jikinsa ya saɓule. Rana ta take tsaka kafin ya gama. Ya mayar da ɗan tiyon injin da ke hura wa kifin iska cikin bahon, ya ɗora bahon a kan kujera kusa da gado.

Daga inda take kwance shuɗiyar roba kawai take gani. Ya ƙara mata matashin kai, ya karkata bahon har ruwa ya zubo, duk a banza. Ta dubi akwatin da babu komai a ciki sai jiƙaƙƙiyar tsakuwa, ta juyar da kai ta fuskanci bango. Da ya kawo abinci ta datse haƙora.

Ya san gyaran gaskiya. A cire fuskar gaban gaba ɗaya, a kankare tsohon gam, a yanko sabuwa a sa, a jira mako guda. Ya kuma san gyaran gaggawa: a yanko ɗan gilashi a manna a kan tsagar ta ciki da gam ɗin silikon. Da a shago ne wani ya zo masa da wannan shawara, da ya kore shi da dariya. Amma mako guda ya yi wa mai ƙin cin abinci nisa.

Akwai ragowar gilashi a bayan ƙofar kicin. Ya shimfiɗa tsohon bargo a tebur, ya kwance dayamon ɗinsa daga tsumman da ya naɗe shi, ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake jan layi da shi a kan gilashi kafin a karya. Sirrin aikin ɗaya ne, ja guda ake yi, ba tsayawa, ba komawa baya. Ya aza rula, ya ja numfashi, ya ja. Layin ya fita kamar sawun tururuwa. Da ya danna, gilashin ya karye inda ya ga dama. Ya sake da wani. Ya sake da na uku, wannan ma har da yanka a babban yatsa. Ya tsaya yana kallon jinin yana ɗiga a bargo, sannan ya naɗe dayamon ɗin a tsummansa.

Washegari ya roƙi matar maƙwabci ta zauna da Gimbiya, ya kama hanyar shago. Tun da ya miƙa makulli bai sake taka ƙafa can ba, ko hanya ce ta biyo da shi yakan zaga ta bayan gidan mai. Ya tarar da ƙanen nasa, wanda har yanzu yake kira Auta duk da furfurar da ke gemunsa, ya duƙufa kan tagogin wata makaranta.

"Yaya! Lafiya dai? Ba jikin nata ba ne ko?"

"Taƙi biyu a taƙi ɗaya nake so, mai kauri. Da silikon, ba na banɗaki ba, wanda ba ya kashe kifi."

Auta ya ajiye abin da ke hannunsa. "Akwatin ne?"

"Shi ne."

"Faci za ka yi? A gilashin da ke ɗauke da ruwa? Yaya, kai fa ka koya min cewa tsaga ba ta barci, ko an rufe mata ido tafiya take yi. Ka bari zuwa Lahadi in miƙa aikin mutanen nan, in zo in canza fuskar duka."

"Tun jiya ko ruwa da ƙyar ta sha."

Auta ya juya kan teburin aiki. Ya jawo gilashi, ya aza rula, ƙiii, ƙas. Ko numfashi biyu ba a yi ba. Mai Gilashi ya kawar da kai ya dubi titi. Auta ya goge bakin gilashin, ya naɗe shi a jarida, ya haɗa masa da gam.

"Kwana uku fa aƙalla kafin ya ga ruwa. Da kaurin nan ma biyar ya fi."

"Ni za ka gaya wa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Aikin da a da yake yi kafin shayinsa ya huce, shi ya wuni a kai. Ya kwashe tsakuwar, ya kankare gansakuka da reza, ya goge wurin da sipirit har gilashin ya fara ƙara a ƙarƙashin tsumma. Wajen matsa gam sai da ya kama bindigar matsa shi da hannu biyu, ya jingina goshinsa da bakin akwatin don ya rage rawar. Gam ɗin ya fito wani wuri tuli, wani wuri siriri kamar zare. Warinsa mai tsami ya cika ɗakin. Ya manna facin, ya danna da tafin hannu, ya tokare shi da guntun katako da tsumma. Da ya leƙa ta waje ya ga ƙananan kumfar iska sun maƙale tsakanin gilashin biyu, guda shida ko bakwai, daidai kan tsagar. Ya san ma'anarsu. Ya miƙe ya tafi wanke hannu.

Ranar Laraba da safe ya tarar da Kawu a saman ruwa, ciki a sama. Wanda ya saɓule ma ya bi shi. Ya kwashe su a ɓoye, duk da ba kallo take yi ba.

Da yamma 'yarsu ta zo. Ita kaɗai Allah ya bar musu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti can ɗaya ƙarshen gari, kuma ko fararen kayan aikin ba ta cire ba. Ta duba idon uwar, ta ja fatar hannunta ta saki, ta ga ba ta koma da wuri ba. Ta fito da shi ƙofar ɗaki.

"Baba, yaushe rabonta da abinci?"

"Litinin. Amma jibi in sha Allahu gam zai..."

"Kwana uku, kuma ba ka kira ni ba? Kana nan kana fama da akwati? Kifi ne fa, Baba, kifi!"

"A wurinki kifi ne, Mamana."

"To a wurin wa ba kifi ba ne? Dubi yatsanka. Dubi yadda ka rame. Ba ka iya ɗaga ta, ba ka iya riƙe cokali, kai ma mai jinya kake nema. Sau nawa zan ce ka bari in tafi da ita?"

Ba yau ta fara ba. Gidanta a bene na uku yake, ɗaki biyu, ga miji ga yara huɗu. An yi lissafi an sake, gado ɗaya ne zai shiga ɗakin 'yan matan. Na uwar. Shi babu inda za a sa shi.

"Shekara arba'in da ɗaya," ya ce, "ba mu taɓa kwana a rabe ba sai ranar da aka haife ki."

Ta share ido da bayan hannu. "Na sani, Baba. Wallahi na sani. Amma ba zan zuba ido yunwa ta kashe ta a gabanka ba. Gobe in na tashi aiki zan dawo. In har ba ta ci ba, da mota zan zo."

Ranar Alhamis gari na wayewa ya cire katakon. Ya danna farce a gefen gam. Sama ya bushe, ya yi tauri. Can ciki kuwa ya san yana nan ɗanye, yini ɗaya da rabi bai isa komai ba. Ya daɗe a tsugune. Ya juya ya dubi ƙeyar matarsa, da gashin da ya cukurkuɗe a kan matashi.

Ya ɗauki bokiti.

Rabi-rabi yake ɗebowa, don cikakke ya fi ƙarfinsa, ko rabin ma sai ya jiƙa masa wando kafin ya iso. Niyyarsa ya tsaya a tsakiyar akwatin. Da ruwa ya kai nan ya tsaya ya shafa facin ta waje, a bushe. Ya mayar da tsakuwa, ya mayar da kifaye ukun da suka rage, ya kunna injin iska. Ƙarar kumfar na tashi Gimbiya ta motsa. A hankali ta juyo da kai.

"To," ta ce.

Sai ya ga gefen gadon ya tare mata rabin ruwan, kifin na sauka ƙasa sai ya ɓace mata, ta riƙa miƙa wuya. Ya ce a ransa bari ya ƙara bokiti ɗaya. Daga ɗaya aka yi biyu, har ruwa ya koma inda yake tsayawa shekara ashirin.

Ya dafa mata shinkafa mai ruwa-ruwa. Ya barbaɗa wa kifi nasu, Attajiri ya taso da tumbinsa, Ɗan Sanda na biye da shi.

"Ranki ya daɗe, ga manya sun ci."

"A'a," ta ce, ta buɗe baki.

Cokali bakwai ta ci, ta sha rabin kofin shayi. Ya lalubo waya ya kira 'yar.

"Mamana, ta ci! Bakwai! Ki bar motar nan."

"Alhamdu lillahi, Baba. Zan biyo dai in gan ta."

Rana ta ɗan karkata, yana kicin yana wanke kwano, har yana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, sai ya jiyo ta. "A'a. A'a. A'a." Ya saki kwanon ya shigo.

Tsagar ta fito daga ƙarƙashin facin. A gaban idonsa take tafiya, a hankali, kamar ana jan ta da biro, ta nufi kusurwar sama. Ya durƙusa ya kafa tafukansa biyu a jikin gilashin, ɗaya a kowane gefen tsagar, ya danna. Tafiyar ta tsaya. Ruwa ya fara bin hannunsa yana gangarowa gwiwar hannu.

Bahon yana waje, ya kife shi ya bushe. Tiyon yana rataye a ƙusa. Wayar tana kicin. In ya ɗaga hannu ɗaya, shi ke nan. Ya ƙwala wa matar maƙwabci kira har muryarsa ta dushe, ashe ta tafi kasuwa. Ya kira duk wanda ke wucewa a layi, ƙarar injin niƙan bakin layi ta haɗiye kiran. Haka ya zauna a durƙushe, bai san ko minti goma ba ne ko rabin sa'a. Kafaɗunsa suka ɗau zafi, rawar ta taso daga yatsu ta kama har ƙirji. Yana ji gilashin yana karkarwa tare da shi. Ta cikin ruwan yana hango kifayen suna yawonsu.

"Gimbiya," ya ce ba tare da ya juyo ba, "rufe idonki."

Gilashin ya buɗe. Ruwa ya doke shi a ƙirji ya yar da shi ta baya, ƙugunsa ya bugu da ƙafar gado, wani ɓangare ya tsarge masa damtse. Ruwan bokiti tara ya malale ɗakin, ya shiga ƙarƙashin gado, ya ɗauki takalma da kwalin magani ya yi ƙofa da su. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi.

Ba ta rufe idon ba. Attajiri ya faɗo daidai gefen gadon, yana ta tsalle a cikin tsakuwa da fasassun gilashi. Ta zuro hannunta na hagu mai lafiya, tana miƙawa, tana miƙawa, saura kamar taƙi ɗaya. Shi ma ya ja jiki ya miƙa nasa, bai kai ba. Suna kallo tsallen ya ragu, ya koma buɗe baki da rufewa, ya daina.

A haka 'yar ta same su wajen ƙarfe biyar. Ba ta yi faɗa ba. Ta yage zanen gado ta ɗaure masa damtse, ta kira Auta, ta kira mota. Shi aka fara kaiwa asibiti aka yi masa ɗinki goma sha ɗaya. Ƙugun bai karye ba, amma daga ranar sanda ta shiga hannunsa.

Kafin magariba aka fito da Gimbiya a kekenta, za a wuce da ita gidan 'yar. Ya dafa ƙofar motar ya sunkuya.

"Ranki ya daɗe, kwana biyu ne. Ni da Auta za mu haɗa miki sabo, wanda ya fi wancan."

Ta dubi bandejin da ke hannunsa, ta daɗe tana dubansa. Direba ya ja.

Bayan kowane kwana biyu yakan je. Mota biyu yake shiga, sannan benen nan mai hawa uku, yana hutawa a kowane hawa. An sa mata siririn tiyo ta hanci, ta nan ake ba ta abinci. An kafa mata talabijin a gaban gado, yaran suna canza tasha yadda suka so. Tana samun kulawar da shi bai iya ba ta ba, wannan bai taɓa musu a kai ba. Ana juya ta a kan lokaci, ana ba ta magani a kan lokaci, gashinta a kitse. Ya zauna a bakin gado ya yi ta ba ta labarin layi, wa ya tashi, wa ya yi aure, idonta na kan silin. Sau ɗaya ya sayo ɗan jan kifi a cikin kwalba ya riƙe mata a gaban fuska. Hannun ya yi ta girgiza ruwan har kifin ya rikice. Ba ta duba ba. Jikokin suka karɓe kwalbar suka yi falo da ita.

Maganar sabon akwati Auta ya tayar da ita sau biyu, Mai Gilashi ya ce a bari tukuna, 'yar ta ce benen ba shi da wurin ajiye shi.

A mako na bakwai, ranar wata Talata da safe, yana cikin mota ta biyu wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Kafin ya iya ciro ta ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa. Matar da ke zaune kusa da shi ta ce, "Baba, kawo in amsa maka." Ta kara a kunne, ta saurara, ta dube shi, sannan ta ce wa direba ya tsaya.

Bayan an share makokin Gimbiya, Auta ya zo taya shi gyara ɗakin, don mai gidan ya ce ruwan ya ɗaga leda, sai an sake. Akwatin yana nan a kan teburinsa yadda aka bar shi, gaba a buɗe, tsakuwa ta bushe ta yi fari. Auta ya ƙwanƙwasa gilashin baya da na gefe biyu, ya ciro abin awo ya gwada.

"Waɗannan ukun lafiyarsu ƙalau, Yaya. Irin wannan kaurin yanzu ba a samu. Akwai wani da ke neman tagar kicin. Ko in bar maka su?"

"Ɗauki."

Auta ya bi gam ɗin da reza, ya raba su ɗaya bayan ɗaya, ya jingina a bango. Da ya kinkimi babban, Mai Gilashi ya ajiye sanda ya matso zai kama masa ɗaya gefen.

"A'a, Yaya, bari. Kar ya suɓuce. Riƙe min ƙofa kawai."

Ya riƙe masa ƙofar, har ya fita da su duka ukun.